Shekarar da Baba Ya Daina Aikena

Makon jiya na isa filin da nake horar da yara tun kafin su zo, sai na tarar da dattijon da ke kula da ciyawar wurin yana gyaran gaban raga, inda ƙafar mai tsaron gida ta cinye har ƙasa ta fito. Yana riƙe da ɗan gwangwani. Ya tona, ya zuba iri, ya sa diddige ya rufe, ya matsa gaba. Duk takun da ya yi sai irin ya yi ƙara a cikin gwangwanin, caka-caka. Wallahi ban san lokacin da na ja na tsaya ba, da buhun ƙwallaye a kafaɗata. Ya ɗago ya ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, aikinsa nake kallo. Ban gaya masa cewa ƙarar nan ta mayar da ni wata gona a ƙasar Gazawa ba, lokacin ina ɗan shekara goma sha biyu.

Na daɗe ina cin abinci da ƙwallo. Na buga a Maraɗi, na buga a Yamai, na tsallaka ƙasashen waje na yi ƴan shekaru. Kada ka wahalar da kanka wajen tuno fuskata, ban taɓa zama gwanin da ake liƙa hotonsa a bango ba. Ni ɗan tsakiya ne, mai gudu, mai ƙwato ƙwallo ya miƙa wa waɗanda suka fi shi iyawa. In aka tambaye ni inda nake samun wannan naci, nakan ce wahalar ƙauye ce, a yi dariya a wuce. Amma rabin gaskiya ke nan. Wahala kowa ya sha ta a garinmu, ba kowa ta gyara ba. Ni abin da ya gyara ni wata ƙarya ce da na yi wa Baba, da shekara guda da na yi ina neman ya sake yarda da ni.

Kakanninmu masu raƙuma ne, daga arewa suka gangaro suka zauna suka kama noma. Baba dogo ne, siriri, ba ya rabuwa da rawani, kuma maganar da yake yi a yini ba ta cika tafin hannu ba. Mu biyu ne manya a gidan, ni da Yaya, wadda ta girme ni da shekara biyu, sai ƙanana. Akwai kuma Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ke kirana mijinta, tana cewa ita dai ba ta yi sa'ar miji ba, an haɗa ta da rago mai ƙafa kamar muciya.

Shekarar da ta gabaci wannan ƙaryar ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fitar da kai. Abin da muka girba bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Mun ci tafasa, mun ci yaɗiya, mun sha kunun dusa har cikinmu ya saba. Duk cikin wannan hali akwai wani tulu a ɗakin Kaka da ta liƙe bakinsa da laka, cike da irin hatsi da ta zaɓa zangarniya-zangarniya da hannunta. Akwai ranar da ƙaramar ƙanwata ta yi ta kukan yunwa har muryarta ta dushe, Inna ta kalli ƙofar ɗakin Kaka, Kaka ta kalle ta. Ba a fasa tulun ba. Ina wurin, da idona na gani, don haka ba ni da bakin cewa ban san darajar irin nan ba.

Ni kuwa a lokacin ba abin da ke kaina sai tamola. Tsummoki muke dunƙulewa mu ɗaure da igiyar kaba, mu yi ta bugu a bayan lakol, wato makarantar boko, har babban yatsa ya fashe. Sai aka kawo mana wani sabon malami da muke kira Mushe, saurayi, ya zo da ƙwallon fata na gaske da usur. Ya haɗa mana wasa da lakol ɗin garin da ke gabas da mu, ya ce ranar Asabar bayan azahar, kuma waɗanda suka yi ƙoƙari zai kai su garin Agye wasan makarantu. Kwana bakwai ban yi maganar komai ba sai wannan.

Ranar Juma'a da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan shuka, irin wanda ke jiƙa ƙasa har kamu guda. Gari ya ɗauki murna, ban da ni, domin na san abin da gobe za ta zama.

In ba ka taɓa shuka ba, bari in gaya maka yadda ake yi. Manya ke gaba da sungumi, suna tafe suna sara, kowane taku biyu rami. Yara da mata na biye da ƙoƙon iri. Ka ɗebo kaɗan da yatsu uku, ka jefa a ramin, ka jawo ƙasa da ƙafa, ka danne da diddige. Ba a zama, domin jigawa ba ta riƙe laima, in ka yi sanya rana ta shanye ta. Kaka ta fasa bakin tulun da asuba, ta auna irin da kanta, tana yi tana addu'a. Muka yi ta bin Baba, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa, ƙamshin sabara jiƙaƙƙiya ya cika gonar.

Da rana ta take, Baba ya gama saran ƴar gonar da ke gindin gawo. Ya cika mini ƙoƙona da iri ya ce shi da Yaya za su wuce babbar gona. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, yau ne wasan." Ya dube ni ya ce, "In ka ida, ka tahi."

Layukan sun kai arba'in. Na shuka tara tsakani da Allah. Ina cikin na goma sai iska ta kawo mini ƙarar usur daga can bayan gari. Na dubi ramukan da suka rage, na dubi rana. Ban ce shaiɗan ne ba, ni ne. Na lura cewa ramin da aka rufe da iri da wanda aka rufe ba iri duk kamarsu ɗaya, sai na shiga bin layi da sassarfa ina jawo ƙasa ina dannewa, hannuna bai ko taɓa ƙoƙon ba. Da na kai ƙarshe na tona rami a gindin wata sabara, na juye irin Kaka gaba ɗaya na binne, na kife ƙoƙon a kaina na zura da gudu.

Mun ci su ɗaya da nema, kuma ni na ci, da gwiwa ma, ba da niyya ba. Aka ɗauke ni a kafaɗa har ƙofar lakol. Da na koma gida Baba na zaune a kan buzu bayan magariba, ya ce, "Ka ida?" Na ce, "Na ida." Ya ce, "Madalla," ya miƙo mini sauran furar da ke cikin ƙwaryarsa. Na shanye tas. Har yau in na tuna furar nan sai na ji kunya ta rufe ni.

Wautata ita ce, na san mutum ba zai gane ba, na manta hatsi yana tsirowa. Kwana biyar bayan nan Baba ya ce in biyo shi. Tun daga nesa na hango abin. Layi tara sun yi kore shar, ɗigo-ɗigo, gwanin kyau. Daga nan sai farin yashi har iyakar gona, da sawun diddigena a jere. A gindin sabarar kuwa tsiro ya fito cunkus, ya yi tsaye kamar gashin goshin jaki. Baba ya tsuguna a gabansa ya daɗe yana kallo, ya shafa shi da bayan hannu. Sa'an nan ya ce, "Ashe nan ka shuka." Ya miƙe ya kama hanyar gida.

Na jira bulala. Na jira a ce an raba ni da ƙwallo har abada. Wallahi da an yi mini ko ɗaya da na ji sanyi. Ba a yi ba. Abin da Baba ya yi shi ne ya daina aikena.

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce ai hutu na samu. A wurinmu yaron da ubansa ke aike shi ne ɗa. Kai za a ce ka kai goro gidan mai gari, kai za ka kira baffa, kai za ka riƙe akalar raƙumin baƙo. Da ma ni ne ƙafar Baba. Daga ranar nan, in ya ce, "Wa ke nan?" na amsa, sai ya yi shiru. In Yaya na kusa ya aike ta. In ba kowa sai ni, sai ya tashi da kansa, ya saka takalmi, ya wuce ta gabana ya je ya ɗauko abin da yake so. Ba ya harara, ba ya zagi, in na gaishe shi yana amsawa, abincina ba a rage ba. Amma ko buta bai ƙara cewa in miƙo masa ba.

Babu sauran iri a gidan, babu a maƙwabta, kowa ya zuba nasa a ƙasa. Kaka ce ta kira ni ɗakinta. Na shiga ina jiran ta tsine mini, sai ta ce, "Kai mijin banza, zauna. Hatsin da ka binne bai mutu ba tukuna." Ta ce in bar shi ya kai taƙi guda, ranar da aka sake ruwa in cire shi in dasa ɗaya-ɗaya. Ta ce hatsi ba ya son dashe, rabi zai mutu, amma rabi ya fi babu.

Ruwan ya zo daidai da ranar tafiya Agye. Mushe ya zo har ƙofar gida neman izini, ina laɓe a bayan danga ina ji. Baba ya ce masa, "Tambaye shi. Shi ya san abin da ya ida da wanda bai ida ba." Kada ka ɗauka hankali ne ya zaunar da ni. Kunya ce. Ina jin amalanken da ya kwashi abokaina ya wuce suna waƙa, ni ina duƙe a gona da tsiro a hannu, hawaye na ɗiga a kan yashi. Kaka na zaune a gindin gawo tana ba da umarni. "Ka cika zurfi. Wannan ka karya mishi wuya. Da ƙafa aka ce ka iya, to hannun fa, na aro ne?" Kwana uku muka yi. Ranar ƙarshe bayana ya ƙi miƙewa, sai da ta gasa mini shi da ruwan zafi.

Da lokacin girbi ya yi, gonar gawo ta ba da abin da bai kai rabin na kullum ba. Ni na ɗaure dammunan, ni na ɗora a amalanke, kuma ba wanda ya ce mini ga laifinka. Rumbu ya yi ƙasa da wuri, dole Baba ya tafi cirani kudu tun sanyi bai fita ba. Ranar tafiyarsa ya tsaya a bakin garke ya damƙa wa Yaya amanar dabbobi, ya gaya mata wadda ke da ciki da wadda ba ta son ƙaiƙayi. Ina tsaye kusa da ita, namiji, ɗan fari a maza. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata.

Daga nan na shiga yin aikin da ba a sa ni ba. Rijiyar garinmu tana da zurfi ƙwarai, da sa ake jan guga. Sai an sami mai jan san ya yi nisa da shi har gugan ya fito, ya juyo da shi, a sake. Na karɓi wannan aiki daga hannun Yaya. Je ka, dawo, je ka, dawo, cikin yashi mai zafi, tun hantsi har dabbobi su ƙoshi. Na yi ciyawa, na yi itace, na kwashe taki na kai gona a kan jaki. Da Baba ya dawo na ƙara ƙaimi, ina yi ina satar kallonsa. Ko sau ɗaya bai nuna ya gani ba. Wata rana na kai ƙara wurin Kaka, na ce mi kuma yake so in yi. Ta ce, "Kai har yanzu wuyanka na waige. Yi aikinka, ka bar leƙen wa ke kallo." Na yi fushi da ita kwana biyu. Amma a hankali na gaji da waigen, aikin ya zama jiki, har na kan manta dalilin da ya sa na fara.

Damina ta zagayo, aka yi ruwan shuka. Da safe Kaka ta auna iri, muka fita. Ni na riga na sa a raina jan jaki zan yi ko ɗaukar ruwan sha. Baba ya sare gonar gawo tun daga farko har ƙarshe, ya cika ƙoƙo, ya miƙo mini ya ce, "Amshi." Ya saɓa sungumi ya nufi babbar gona, bai waiwayo ba. Na shuka gonar nan rami-rami. Da yamma na zauna kusa da shi ina jiran ya tambaye ni ko na ida, amsar na bakina. Bai tambaya ba. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, tahi ka kiro mini baffanka." Gidan baffa yana ƙarshen gari. Ban taɓa yin gudu irin na ranar nan ba, ko a gaban dubban ƴan kallo.

Shekaru bayan haka, a wata ƙasa ta Larabawa, mai horar da mu yakan jera alamomi ya ce mu zagaye su sau ashirin. Da ya juya baya yana magana da wani, sai ka ga manyan ƴan wasa suna yanke kwana, suna ƙyafta wa juna ido. Ni ƙafata ba ta yarda. Suka sa mini suna jaki, na amsa. Ranar wasa, in an shiga minti goman ƙarshe, a nan ake ganin wanda ya yanke kwana, ya dafa ƙugu yana haki, jakin kuwa yana nan yana kai da kawowa. Lokacin da gwiwata ta samu matsala, likita ya ba ni motsa jikin da zan riƙa yi ni kaɗai a ɗaki, wata huɗu, ba mai ƙirga mini. Akwai safiyar da zafi zai sa in ce yau kam ashirin ta isa maimakon talatin, wa zai sani. Sai in ji bakina yana shirin cewa na ida, in koma in cika. Ƙungiyar ta riga ta fara neman wanda zai maye gurbina, na dawo na karɓi rigata.

Ba na son in yi maka daɗin baki a kan wahala. Na zauna da ƴan wasa da yawa da suka fito daga cikinta, ɗan masunta da ya tashi yana jan taru, da wanda ya yi turin ruwa a birni, kuma gaskiya ne irinmu ba mu cika wasa da aiki ba, don mun san abin da muka baro. Amma a lakol ɗinmu akwai wani abokina bahago da ya fi ni ƙwallo nesa ba kusa ba. Maraya ne, ya fi ni shan wuya sau goma. An kai shi Maraɗi kafin ni, bai yi wata uku ba aka sallamo shi, yau ya zo horo, gobe ya ce zazzaɓi. Ina son shi har gobe, muna gaisawa. Na sha tunanin abin da ya raba mu, kuma abin da na gano shi ne, shi bai samu wanda zai damu da shi har ya yi fushi da shi shekara guda ba.

Kaka ta rasu ina waje, ban samu jana'izarta ba, wannan yana cina har yanzu. Allah ya jiƙanta, ya saka mata da Aljanna. Baba yana nan, ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi. Bayan na ajiye wasa na je gida, muna zaune da la'asar a ƙofar gida, na yi ta maza na tambaye shi abin da ya hana shi dukana a shekarar nan. Sai ya ce, "Da na buge ka, da ka ce an gama." Ya gyara rawaninsa, ya ƙara da cewa, "Kana tsammanin kai kaɗai ka wahala? Shekara guda ina tashi da ƙafata in ɗauko buta, ɗana na zaune yana kallona. Sau nawa sunanka ya zo bakina na haɗiye." Na sunkuyar da kai, don ban so jikokinsa su ga babban mutum yana hawaye.

Garin ya canza. Matasa sun koma kabu-kabu, an kafa famfo a inda rijiyar take, yara na buga ƙwallon roba da riguna masu lamba. Aike ma waya ta cinye shi, ba mai gudu zuwa ƙarshen gari don kiran baffa. Yaran da nake horarwa sun fi mu iya taɓa ƙwallo, ba na musu, kuma ba na yi musu fatan kunun dusa. Abin da nake roƙa musu shi ne Allah ya ba kowannensu mutum ɗaya da zai ji nauyin yi wa ƙarya.

Na saya wa Baba waya, jikarsa ke danna masa. Yakan kira ni a kowane lokaci, ko ina tsakiyar fili, ba doguwar gaisuwa. Ya ce wani ɗan garinmu na kwance a asibiti, in je in dubo shi, ko in nemo masa maganin ido irin na wancan karon. Ina da yaran da zan iya turawa, kuma ya san da haka. Sai in miƙa wa mataimakina usur, in ce ya riƙe mini su, Baba ya aike ni.